Wuta, ruwa da bola a hostel: me ya sa sanin illar ɓarna bai hana yin ta ba?

Ɗalibin jami'a na yau ba baƙo ba ne ga zancen muhalli. Tun yana sakandare yake jin batun sauyin yanayi. Ya ga yadda ruwa ya shanye Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, ya kuma san yadda zafin Afrilu ke hana barci a Kano da Sakkwato. In musulmi ne, ya haddace ayar Suratul A'araf da ta ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna, ya san Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, ruwan da bai cika lita ɗaya ba. Duk da haka, ka leƙa hostel ɗin jami'ar gwamnati da hantsi, lokacin da kowa ya tafi lacca. Za ka ji fanka na juyawa a ɗakin da aka garƙame da kwaɗo, ƙwan baranda na ci da rana tsaka, famfon banɗaki na tsiyaya, bayan gini kuma hayaƙin ledar fiya wata na tashi.

Hukumomin makarantu sukan ɗauki wannan a matsayin rashin wayewa. Sai a buga takarda a manna a bango, a kashe wuta, a rufe famfo. Takardar ta yi wata guda, iska ta yage ta, komai na nan yadda yake. A ganina ba a gano ciwon ba ne. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin abin da mutum ya yarda da shi game da muhalli da abin da hannunsa ke aikatawa, kuma ilimi shi kaɗai ba ya cike ta. Hostel kuwa ya tara kusan duk abubuwan da ke ƙara buɗe wannan tazara.

Ɗauki maganar biya. Ɗalibi na biyan kuɗin gado sau ɗaya a shekara, daga nan ya gama. Wanda ke soka hita safe da yamma da wanda iyakarsa cajin waya, kuɗinsu ɗaya. A gidansu, in mita mai kati ce, ya san kukan da take yi in yunit ya kusa ƙarewa, ya san yadda maigida ke bi ɗaki ɗaki yana kashe fitilu. A hostel babu wannan. Takardar kuɗin wuta tana zuwa ofishin ma'ajin jami'a ne a dunƙule, ta haɗa ajujuwa da ofisoshi da ɗakunan gwaje-gwaje da wuraren kwana. Ɗalibin da ya yi tattali ba zai taɓa sanin ko tattalinsa ya rage wani abu ba, wanda ya yi ɓarna ma ba mai nuna masa. Daga nan ake samun kalmar da kowa ya saba ji, “ai kayan gwamnati ne”.

Sai dai abin da ya fi wannan nauyi, kuma ba a cika faɗarsa ba, shi ne cewa rashi da kansa yana koya wa mutum ɓarna. Da farko maganar kamar ba ta hau hankali ba, tunda an saba cewa wanda ya sha wuyar abu shi ya fi sanin darajarsa. Amma a duba yadda abin ke faruwa. Ruwa ba shi da tsayayyen lokacin zuwa. Ɗalibi ya murɗa famfo da magariba, ba ko ɗigo, sai ya tafi ya bar shi a buɗe. Wani mantuwa ce, wani kuwa da gangan ya yi, domin ƙarar zubar ruwan ta tashe shi in an kawo. Ruwan ya zo ƙarfe uku na dare, kowa na barci, ya yi ta kwarara cikin kwata har kiran assalatu. Famfon da aka buɗe sosai na iya zubar da kamar lita 10 a minti guda. Cikin awa uku lita 1,800 ke nan. In aka auna da lita 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin abin da zai biya wa mutum buƙatunsa na yau da kullum a rana, ruwan mutum 36 ne ya bi kwata ta famfo ɗaya.

Da gari ya waye sai a shiga tara ruwa. A cika bokiti, a cika jarka, a cika robar wanki, har tukunya, domin ba wanda ya san ranar da zai sake zuwa. In aka yi sa'a ya dawo washegari, sai a tuntsurar da na jiya a ɗebi sabo. Ba mugunta ta sa aka yi haka ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Wuta ma haka take. Ana barin maɓallin fitila da na fanka a kunne domin a san lokacin da aka kawo. Da zarar ta zo sai ihu ya tashi daga wannan bene zuwa wancan, kowa ya ruga soket. Mai hita ya soka, mai dutsen guga ya soka, mai rishon lantarki ya ɗora tukunya, duk a minti biyar ɗin farko, saboda ba tabbas za ta kai awa guda. Wayoyin ginin su ɗauki zafi, fis ya ƙone, wani lokaci taransifoma ta buga, a koma duhu na kwanaki. In an gyara, sai rububin ya fi na da, domin kowa ya ƙara koyon cewa wuta abar wawaso ce. Duk wa'azin tattalin da za a yi wa mutumin da ke cikin wannan hali, jikinsa zai ƙaryata shi.

Akwai tarihi a bayan wannan nauyi da ya yi wa wayoyin yawa. Manyan hostel na tsofaffin jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, an gina su ne a zamanin da ɗalibi ke cin abinci a ɗakin cin abinci na makaranta da tallafin gwamnati. Abincin nan yana da muhimmancin da ƙarin kwabo 50 a kuɗinsa na rana na cikin abin da ya tayar da zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin, tsarin ya rushe. Tun daga lokacin girki ya koma ɗaki. Injiniyan da ya ja waya a wancan zamani ya yi lissafin ƙwan fitila ne da fanka da ɗan rediyo na mutum biyu ko huɗu. Yau ɗakin na ɗauke da mutum takwas ko goma in an haɗa da waɗanda aka rakuɓa, kuma kowace kusurwa kicin ce. Tukunya goma a kan wuta goma ta fi babbar tukunya ɗaya cin makamashi nesa ba kusa ba. An sauke nauyin ciyarwa daga kasafin kuɗi, sai ya dawo ta takardar kuɗin wuta.

Yana da kyau a san abin da ke cin wutar a zahiri, domin a nan ma ana yawan ɗora laifi inda bai kamata ba. Yunit ɗaya na wuta shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke ci cikin awa guda. Ɗumama bokitin ruwa mai lita 20 daga sanyin hunturu zuwa ɗumin wanka yana cin kusan kashi shida cikin goma na yunit. Wannan ɗan abin ya isa a caja waya fiye da sau 25, ko a bar ƙaramin ƙwan zamani mai wat 9 yana ci har sama da awa 60. Fankar sama da aka bari awa takwas ba kowa a ɗaki ta ci kwatankwacin bokitin nan. Wake kuwa, in ba a jiƙa shi ba aka ɗora a rishon lantarki mai wat 1,000 ya yi awa biyu, yunit biyu ya tafi. Wato duk abin da ke fitar da zafi shi ne babban mai ci. Caji da fitilar karatu ba su kai a tsaya yi wa ɗalibi faɗa a kansu ba.

A ƙaddara hostel mai mutum 1,000, kowa na ɗumama bokiti ɗaya da safe a watannin sanyi. Yunit 580 ke nan a rana. A farashin wuta na 2024, Naira 209 kowane yunit, abin ya haura Naira 120,000 kullum, sama da miliyan uku da rabi a wata, a kan ruwan wanka kawai. Ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma a yi adalci. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya, irin ta ofis, in ta yi awa takwas tana aiki tana iya cin yunit tara, wato ruwan wankan ɗalibi 15. Ofisoshi nawa ne a jami'a ake barin na'urarsu a kunne mai ofishin na taro a wani gini? Idan aka raba abin da hostel ke ci a kan yawan kawunan da ke cikinsa, mai yiwuwa ɗalibi na cikin masu ƙarancin cin wuta a duk harabar. Yawansu ne ke sa jimillar ta yi nauyi. Matuƙar babu mita a kan kowane gini, duk wanda ya ce hitar ɗalibai ce ta cinye kuɗin jami'a hasashe yake yi.

Ina alaƙar wannan da muhalli? Mafi yawan wutar da ke bin layin ƙasa a Najeriya daga ƙona iskar gas take fitowa, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. In layin ya ɗauke, jami'a ta koma janareta, kuma kowace litar dizal da aka ƙona na sakin hayaƙin kabon da ya haura kilo biyu da rabi, alhali yunit uku ko ɗan fiye take bayarwa. Ruwan famfo ma wuta ce a ɓoye. Sai da inji ya jawo shi daga burtsatse ko daga madatsa, kamar ta Kubanni da Jami'ar Ahmadu Bello ke sha daga gare ta, aka tace, aka tura tankin sama. Tankin da ba shi da abin tsayar da ruwa in ya cika, yana ta ambaliya ta gefen gini, dizal yake zubarwa tare da ruwan. Ko famfon da ke ɗigo sau ɗaya a daƙiƙa yana asarar sama da lita 11,000 a shekara, kuma robar da za ta tsayar da shi ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba.

Shekaru da dama an rayu da wannan ɓarna saboda wuta na da arha. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, na masu samun wutar awa 20 zuwa sama, daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 209. Jami'o'i da dama na kan irin wannan layi. Dare ɗaya kuɗin wutarsu ya ninka sau uku, wasu suka shiga biyan ɗaruruwan miliyoyi a wata, wasu aka yanke su. A watan Yulin shekarar ɗaliban Jami'ar Benin suka tare babbar hanya saboda makonnin da suka yi cikin ƙarancin wuta, har aka rufe makarantar. Daga nan zancen tattalin wuta ya tashi daga darasin muhalli ya zama zancen ko za a yi jarrabawa. Ana fatan hasken rana zai kawo sauƙi, kuma akwai misali a gida: a Satumban 2019 aka ƙaddamar da tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, mai haɗa farantan sola da batura da janareta, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai batir yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma hita ɗari da asuba, lokacin da rana ba ta fito ba, ita ce irin nauyin da ya fi gajiyar da shi. Sola ta fi layin ƙasa buƙatar mai amfani da ya san abin da yake ci.

To me ke sauya hali, in wa'azi bai yi ba? Akwai gwajin da aka yi a Kwalejin Oberlin ta jihar Ohayo a Amurka, wanda John Petersen da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Sun shirya gasar mako biyu tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, a ga wane gida zai fi rage cin wuta da ruwa. Wasu gidajen ana karanta musu mita sau ɗaya a mako, wasu kuma an haɗa musu na'urar da ke nuna abin da suke ci nan take. Gaba ɗaya cin wuta ya ragu da kashi 32 cikin ɗari. Gidajen da ke ganin nasu nan take sun rage kashi 55, masu jiran mako sun rage 31. Ruwa kuwa kashi 3 kacal ya ragu. An haɗa gasar da wayar da kai da kyauta ga mai nasara, amma waɗanda suka fi ragewa su ne masu ganin lambarsu nan take. Gani kuwa ya kori ji.

Wani gwajin a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, na Magali Delmas da Neil Lessem, ya ƙara wani abu. Da aka riƙa ba kowane ɗaki bayanin abin da yake ci a asirce, ba a ga wani sauyin kirki ba. Da aka haɗa da manna sakamakon a fili, maƙwabta na ganin ɗakin da ya yi tattali da wanda bai yi ba, sai cin wutar ya ragu da kusan kashi 20. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Mun san aikin da kunyar idon jama'a ke yi.

Kada a kwashi sakamakon nan a dire shi a jami'o'inmu na Zariya ko Kano yadda yake. Mako biyu gajeren lokaci ne, kuma zumuɗin gasa na iya sa mutum ya yi abin da ba zai ɗore a kai ba. Sannan ɗalibin Oberlin yana da wuta dare da rana, bai san rububin soket ba. A wurinmu mita ita kaɗai ba za ta wadatar ba sai an haɗa ta da tabbas. In jami'a ba za ta iya ba hostel wutar awa 24 ba, ta faɗi awannin da za ta bayar, ta kuma cika. In ruwa sau biyu zai zo a rana, a san ƙarfe nawa ne. Ɗalibin da ya tabbata ruwa zai zo ƙarfe biyar na asuba da biyar na yamma ba shi da dalilin barin famfo a buɗe ko cika jarka huɗu. Wutar awa takwas da aka san lokacinta ta fi ta awa goma sha biyu mai zuwa yadda ta ga dama amfani, ta kuma fi ta sauƙi a kan wayoyi.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, ra'ayin da Garrett Hardin ya shahara da shi tun 1968. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin a 2009, ta bi makiyaya a Suwizalan da manoman rani a Sifen da Nepal ta nuna cewa ba dole ba ne. Inda masu amfani da abin suke da hannu a kafa dokarsa, masu sa ido daga cikinsu suke, hukunci kuma yana farawa da sauƙi ya riƙa hawa, dukiyar tarayya na iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Hostel yana da kayan wannan aikin a hannu. Akwai shugabannin ɗalibai na kowane gini, akwai kwamitin masallaci da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, akwai ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya. Abin da babu shi ne amana da riba. In aka ce wa gini kaza, ga abin da kuka ci a zangon bara, duk abin da kuka rage bana za a ware wani kaso a gyara muku banɗaki ko a sa muku fitilun sola a ɗakin karatu, aka kuma cika alkawarin ko sau ɗaya ne, ɗalibai da kansu za su fi kowane mai gadi iya bin fanka.

Haramta hita da rishon lantarki, wanda shi ne abin da aka fi yi, ban ga ya haifar da ɗa mai ido ba. Mutum dole ya ci abinci, dole ya yi wanka da sanyin Janairu. In an hana a fili sai a yi a ɓoye, a tura risho ƙarƙashin gado, a soka tsirarar waya a soket, a rufe ƙofa da taga kada a ji ƙamshi. Haka ake samun gobara. Abin da ya fi shi ne kicin na tarayya a kowane bene, mai wayar da aka ja domin girki da mitarsa, da kuma tankin ɗumama ruwa da rana a saman gini. A ƙasar da rana ke dukan kwano kusan duk shekara, ƙona gas a wata jiha mai nisa domin ɗumama bokiti a Kano asara ce da ba ta da hujja. Ko jiƙa wake tun dare da rufe tukunya na rage lokacin dahuwa sosai, kuma irin wannan ɗalibi zai fi karɓa daga bakin abokin ɗakinsa.

Batun bola ya fi sauƙin fahimta. Ɗalibi na shan fiya wata ne saboda bai amince da ruwan famfo ba, kowace rabin lita kuwa leda guda ce. A haɗa da robar abincin da ake sayowa da baƙar leda. Abin da ba a ƙona ba ya toshe kwata, damina ta zo ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida a bayan taga. Wurin shan tataccen ruwa guda ɗaya a bakin hostel, wanda ake kula da shi, zai rage leda fiye da kwandunan shara ashirin. Gorunan roba ma suna da masu so, masu zoɓo da kunun aya da 'yan jari-bola, in dai an ware su tun ba su cakuɗe da ragowar miya ba.

Jami'ar da ke son farawa ba ta buƙatar jiran wani babban tallafi. Ta sa mitar wuta da ta ruwa a kan hostel biyu ko uku, ta ba ɗaliban injiniyanci aikin karantawa da liƙa lambar a ƙofar shiga kowane mako. Karatun farko kuma a yi shi lokacin hutu, sa'ad da ɗakuna ke kulle ba kowa. Duk yunit da duk litar da mita ta nuna a wannan lokaci ba ɗalibi ne ya ci ba. Bututu ne da ya fashe a ƙasa, ko tanki mai ambaliya, ko fitilun da ba su da maɓalli, ko wata waya da aka ja zuwa shagunan bayan katanga. A gyara wannan tukuna, a nuna wa ɗalibai lambar kafin gyara da ta bayansa, sannan a nemi nasu kason.